Allon harbin kibiya a kangon bayan gida, daga gwangwan da kwali

Asabar, 1 ga Nuwamba 2025

Toh yau dai na fara, bayan wata huɗu ina gobe jibi. Bakan nan na zamani da ƙanena ya kawo min tsaraba tun bayan babbar Sallah yana nan rataye a ɗaki, mai nauyin ja fam 24 ne, da kibau 12, kuma duk daren da yaran unguwa suka shigo karatu sai wani ya ce Malam wai yaushe za a harba. Wuri ba matsala ba ne, akwai kango a bayan gidanmu katanga ta zagaye shi, mai shi ba ya gari ya ce in ci moriyarsa kafin ya tashi gini, na ja tef tsawonsa mita 31 da ɗan ɗori. Abin da za a harba ɗin ne babu. Na tambayi kuɗin na kanti, wani baƙin soso ne mai kauri da ake shigowa da shi daga waje, da aka haɗa min kuɗinsa da na ɗaukowa daga Legas sai na ce Allah ya ba da kasuwa, albashin malamin makaranta ba zai ja wannan ba.

Kafin komai sai da na je wajen mai unguwa da shugaban 'yan sintiri na yi musu bayani, don zamanin nan in aka leƙo ta katanga aka ga mutum da kwari da baka yana tara yara, kafin ka buɗe baki labari ya kai inda ba ka zata ba. Mai unguwa ya yi dariya ya ce ai sunna ce, shi sharaɗinsa ɗaya kar a harba ta ɓangaren da gidajen mutane suke. Shikenan aka tsayar, harbi gabas za a dinga yi, bayan katangar gabas gonar gero ce da aka riga aka girbe.

Gwajin farko da tsohuwar katifa na yi, na ninka ta biyu na jingine a katanga na ja baya taku 15. Kibiyar ta shige ta fita kaman ba komai a wurin, ta daki bulo, kanta ya lotse cikin jikinta ta tsage. Saura 11.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Kasuwar Kofar Ruwa a nan Kano. Wanda bai taɓa shiga ɓangaren tsofaffin ƙarafa ba ba zai gane ba, nan injin mota ne a farke, can tulin rodi da aka ciro daga rusau ana miƙar da shi da guduma, yara na ta turo baro suna a ba su hanya, ga ƙurar hunturu ga ta tsatsa, na fito hancina baƙi ƙirin. Abin da na je nema uku ne, rodi mai zare guda 4 masu tsawon mita ɗaya da ɗori da notinansu, ƙarfen angul na yin ƙafa, sai duk abin da ido ya gani ya yi kama da zai yi amfani, wanda shi ne ke cinye kuɗin mutum a irin wurin nan.

Na tafi da mayen ƙarfe na tsohuwar sifika a aljihu. Duk abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, kuɗinsa da sauƙi a kilo, wanda bai kama ba kuwa ko jan ƙarfe ne ko alminiyam, nan kuɗi ke tashi kuma ni ba ni da buƙatarsu. Wani dattijo mai sikeli da ya ga ina ta manna abin a jikin kaya sai ya ce Malam kai ma ɗan sana'a ne, na ce a'a Alhaji koyo nake. Shi ya fahimtar da ni cewa in ka ɗauki abu ka ce nawa wannan, a matsayin kayan aiki za a sayar ma, amma in ka tara tarkace ka ce a ɗora a sikeli to kuɗin kilo za ka biya, kuma bambancin ba kaɗan ba ne. Sai dai rodin mai zare sun ƙi yarda a auna, sun san abin da yake.

Na samu firam ɗin tsohon gadon ƙarfe irin na makarantar kwana, angul ne gaba ɗaya, kilo 14. Na samu sarƙar babur guda 2, da faifan haro na tarakta guda ɗaya da gefensa ya cinye, ban ma san me zan yi da shi ba a lokacin kawai ƙararsa ce ta burge ni da na ƙwanƙwasa. Akwai wani dogon abu kaman tukunyar gas ƙarama, rufaffe ta ko'ina, na ce wannan in aka yanka zai yi gindi mai kyau, Alhajin ya karɓe daga hannuna ya ajiye gefe ya ce ɗana duk abin da ba ka ga cikinsa ba kar ka kai wa mai walda. Ya tuna min abin da ya faru a watan Yunin bana, da wani abu ya fashe a cikin kayan gwangwan a nan Kano aka rasa rayuka, har gwamnatin jiha ta dakatar da shigo da irin kayan daga Arewa maso Gabas, a Borno ma a 2023 aka hana sana'ar tsintar ƙarafan. Jikina ya yi sanyi wallahi, ban ƙara kallon wani abu mai murfi ba har na fito.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Kafin babban ya samu na ce bari in yi na wucin gadi don yaran sun dame ni. Buhun masara babba, na cika shi da ledar fiya wata da yaran suka tsinto, kwana biyu suka share layinmu tas har maƙwabta na sa albarka, na danna da ƙafa na ɗinke baki. Ya tsayar da kibiya daga mita 10, kuma cirewa da yatsa biyu ma ana yi. Amma bayan harbi kaman 40 tsakiyar ta yi rami, ledar ta gudu gefe, sai ka sauke ka tattaka ka mayar. Na biyu na cika da ƙyallayen tela da na roƙa a shagon abokina, wannan ya fi nauyi ya fi tsayarwa, illa dai sai ka zauna ka tsince zif da maɓalli ɗaya bayan ɗaya don su ke kankare jikin kibiya.

Wanda ya ba ni mamaki tsohon gidan sauro ne. Guda 3 da suka yayyage uwargida ta ce in kai bola, na cusa su a tsakiyar buhun ƙyallen daidai inda aka fi harbi, kibiya in ta shiga sai ragar ta nannaɗe kanta ta riƙe, ko rabin buhun ba ta kaiwa. Yanzu duk gidan da na shiga idona na kan gidan sauronsu.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Babban da kwali zan yi shi. Dabarar ita ce ba a fuskar kwalin ake harbi ba, a bakinsa ake yi, wato ka yanka shi falle-falle ka jera wani kan wani kaman littafi a kwance, ka matse sama da ƙasa, kibiya ta shiga tsakanin fallayen matsin ya riƙe ta. Ni na tsayar da faɗi santimita 90, zurfi 30, tsayi 90 bayan an matse. Da na yi lissafi a takarda sai na ga kwali ɗaya kaurinsa wajen milimita 4 ne, in ya sha matsa ya dawo 3 ko ƙasa, kenan falle 300 da wani abu nake nema, nan na gane aikin ya fi yadda na ɗauka.

Kasuwar Singa na nufa don can ne kwali yake kaman ƙasa, na taliya na sabulu na madara, amma ashe shi ma yanzu ba banza ba ne, akwai masu bi suna saye a kilo suna ɗaurewa a kai kamfani a sake sarrafawa, don haka yaran shago sun san darajarsa. Na taliya sun yi ƙanana, sai ka yi ta haɗa biyu a layi ɗaya. Waɗanda suka yi min su ne na firji da na talabijin da na injin wanki, masu ninki biyu, su kuma a wajen masu kayan lantarki na Sabon Gari na samo, ɗan kurkura ya kawo min har ƙofar kango, kuɗin ɗaukowa ya kusa kamo kuɗin kwalin.

Yanka kuwa sai wanda ya gani. Na yi ma'auni da falle ɗaya na silin, in ɗora in bi da reza, yara biyu manya na ɓare salatif da wayoyin nan da ake ɗinke kwali da su, ko ɗaya ba a bari don waya ɗaya ta isa ta ɓata kibiya. Kuma dole ramukan nan na cikin kwalin su kalli mai harbi ko su kwanta a gicciye iri ɗaya duka, ni na zaɓi su kwanta a gicciye don na gwada da ƙaramin tuli na ga ya fi riƙewa. Falle 110 muka yi yau, hannuna ya yi kanta, reza 6 ta mutu.

Lahadi, 30 ga Nuwamba

Jiya da safe tsaftar muhalli ta ƙarshen wata ta hana fita sai muka zauna muka ƙarasa yankan, 325 cif. Uwargida ta ce in ba a kwashe mata tarkacen nan daga zaure ba yau to za ta hura gawayi da su, kuma na san za ta aikata.

Kafinta ya huda min katako 2 masu kauri, kowanne huda biyu a kowane gefe, muka zura rodin 4 a na ƙasa muka fara jera kwali a tsakaninsu. Da muka gama tulin ya wuce ƙirjina yana ta lilo, rodin ma ya nutse ba a ganin kansa balle a ɗaura noti. Na hau na zauna, ƙanena ya hau, yara uku suka hau, ya sauka kaɗan amma da mun tashi sai ya biyo mu. Muna cikin wannan shirme maƙwabcina direba ya leƙo ya ce Malam me ya sa ba za ku sa jak ba. Shi ya kawo jak ɗin motarsa, muka ja tulin ƙarƙashin dakalin ƙofar kangon da aka zuba wa kankare a sama, aka kafa jak a kan katakon sama aka tokare da guntun tu-bai-fo, yana bugawa kwalin na kuka ƙiiii yana sauka har kan rodin ya leƙo, muka sa wasa da noti muka ɗaure da sifana a gicciye, wannan kusurwa sannan waccan, kaman yadda ake ɗaure taya.

Da la'asar na harba daga mita 18. Ta shiga kaman tsawon tafin hannu da rabi ta tsaya cak. Yaran suka sa ihu kai ka ce ƙwallo aka ci. Cirewa ce ta zama aiki, na matse shi fiye da kima sai da na sa ƙafa na dafe na ja da hannu biyu, kuma ta fito da wani baƙi-baƙin gam a jikinta, zafin shigar ne ke narka gam ɗin kwalin. Na sassauta kowane noti zagaye 3, na goga sabulun wanki a kan kibau kafin harbi, ya yi sauƙi sosai. Nauyinsa da katakon da komai ya haura kilo 50, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi.

Asabar, 6 ga Disamba

Ranar haushi. Baba mai walda ya yi min ƙafa da angul ɗin gadon, aiki mai kyau tsakani da Allah, ƙafa uku da ɗan teburi da allon zai zauna, ya ma sa mata tayar baro biyu a baya don a dinga turawa. Na yi ta yaba kaina. Harbi na bakwai wani yaro hannunsa ya karkace kibiya ta sauka ƙasa ta daki angul ɗin gaba, ƙau, ta dawo baya wajen mita 4 ta faɗi a karye. Ba a yi minti goma ba ni da kaina na daki kan rodi na gefen dama. Saura 9.

Abin da ya fi kuɗin kibiyar tayar min da hankali shi ne dawowar da ta yi, da yaro na tsaye kusa fa. Na tsayar da harbi na zauna ina kallon abin, duk inda ƙarfe ke kallon mai harbi kuskure ne kuma nawa ne, ni na ce a yi da angul don na same shi da arha, ga shi arhar ta ci min kibau 2 da kuɗinsu ya fi na gadon da waldar a haɗe. Na koma wajen Baba na ce a yanke ƙafafun gaba, ya ce ai da ka faɗa min abin da za a yi da shi tun farko da ban bari ka sa ƙarfe a gaba ba, kai ka ce min teburi. Gaskiyarsa.

Yanzu ƙafafun gaba katako ne, na falet da na samo a 'yan katako na Na'ibawa, mai laushi ne kibiya na shiga ta tsaya ba ta karyewa. Firam ɗin ƙarfen ya koma baya inda allon ya rufe shi. Rodin gefe kuma na rufe kowanne da tsohon tiyo na ban ruwa sannan na ɗaura guntun katako a gabansa. Wani ya ce in sa tsohuwar taya, ban yarda ba, taya akwai waya a cikinta kuma roba ce mai tauri, mayar da kibiya take yi.

A baya kuma na ɗaura igiya daga katanga zuwa katanga na rataya tsohon kafet na masallacinmu da aka canza, ninki biyu, ban ɗaure ƙasansa ba, haka ake so ya dinga lilo, in kibiya ta kuskure allon ta dake shi sai ya tafi da ita baya ya kashe mata ƙarfi ta zube. In ka ɗaure shi tamau hudawa za ta yi.

Lahadi, 14 ga Disamba

Fuska, wato zanen zobban maki da ake sawa a gaban allon. Irin ta gasar duniya zobe 10 ce kala 5, daga tsakiya ruwan ɗorawa maki 10 da 9, ja 8 da 7, shuɗi 6 da 5, baƙi 4 da 3, fari 2 da 1. Wadda ake harbi a Olamfik faɗinta santimita 122 ne daga nisan mita 70, zoben tsakiyar nan na maki goma 12.2 kacal, wato kaman bakin ƙaramin kwano, daga nisan da ya ninka kangonmu biyu har da ɗori. Da na faɗa wa yaran sai ɗaya ya ce Malam aljanu ne. Ta cikin ɗaki kuma 40 ce daga mita 18. Mu na zaɓa mana mai 80 don ita ce ta dace da allon, kowane zobe santimita 4, kuma masu koyo in ka ba su ƙarama duk a kafet za su ƙare.

Takarda ba ta jure iskar hunturu, don haka tsohuwar banar kamfen na samo wajen masu gwangwan ɗin unguwa, irin ta leda mai kauri, bayanta fari tas. Na kafa ƙusa a tsakiya na ɗaura zare da fensir na zagaya 4, 8, 12 har 40, yara suka cike da ragowar fenti. Sai da na sa aka shafe gaban banar da baƙin fenti gaba ɗaya tukunna, don in rana ta hasko ta baya fuskar ɗan takarar na fitowa, ka ga kar gobe a ce malamin makaranta na koya wa yara harbin wane. Tsakiyar allon daga ƙasa santimita 130 kaman yadda ƙa'ida ta ce, na ɗan kwantar da shi baya kaɗan. Ƙananan yaran dai ya yi musu sama, su buhun ƙyalle nake ajiye musu a kan bulo biyu.

Lahadi, 21 ga Disamba

Yau mun yi babban baƙo. Shugaban 'yan sintiri ya zo da wani tsohon maharbi daga ƙauyensu, ya kusa 80 amma idonsa tar, da nasa kwari da bakan a kafaɗa. Ya zagaya allon ya ƙwanƙwasa ya leƙa baya, ya ce yaro duk wannan wahalar don kibiya ta samu wurin kwana. Na ce Baba to ku da me kuka koya, ya ce kututturen ayaba in an samu, in babu kabewa ko tulin yashi a bakin rafi, in ka karya kibiya kuma ka yanko kyauro ka kai wa maƙeri ya sa mata kai, ba a yi asarar komai ba. Nan ya taɓa inda ke min ciwo, don ni tawa in ta karye sai an yi oda.

Na karɓi tasa na duba, kyauro ne siriri mara nauyi, ba gashin tsuntsu a gindinta ko ɗaya saɓanin namu, kan ƙarfe ne mai kunne an ɗaure wuyan da jijiya. Ya ce in bari ya gwada, na ce Baba mai kunnen nan in ta shiga kwalina ai sai an farke shi kafin ta fito, ya yi dariya ya zaro wata da kunnenta ya karye ya ce to ga gwauruwa. Bai tsaya saiti irin namu ba, ɗagawa da saki kusan lokaci ɗaya ne, daga mita 18 ta sauka a ja. Ya karɓi nawa bakan ya juya shi ya ja tsirkiyar sau biyu ya ce wannan ai shi ke harbin ba kai ba. Wani yaro ya samu farin zobe na can gefe yana jin kunya, Baba ya dafa kansa ya ce harbi a wutsiya ya fi kuskure.

Kafin ya tafi ya ce in damina ta wuce baɗi in sa a yanko min gamba a naɗa ta kaman faifai babba a ɗinke da igiya, zai fi kwalin nan daɗin cirewa. Abin mamaki irin wannan naɗin na ciyawa Turawa ma da shi suka daɗe suna amfani kafin soso ya zo, na faɗa masa, ya ce to da wa ka zata suka gani.

Asabar, 3 ga Janairu 2026

Hutun makaranta yara sun yi yawa, baka ɗaya ba ya isa, masu jiran layi sai faɗa. Sai na tuna da faifan haron nan da ke jingine tun Nuwamba. Na ce to masu danƙo su ma a yi musu nasu, da su bi ƙadangaru da tsuntsayen mutane gara su zo nan.

Na rataye shi da sarƙar babur biyu a jikin ragowar angul ɗin da aka yanke, a can kusurwar kudu nesa da layin kibiya, Baba mai walda ya liƙa sarƙar ta baya ƙasa da baki kaɗan yadda saman faifan zai rinjayo gaba fuskarsa na kallon ƙasa, duk abin da ya dake shi ƙasa zai nufa. Kuma bayan faifan ne ke kallon masu harbi, ba cikin kwarin ba, don kwarin kaman kasko yake, zai iya juyo da abu ta inda ba ka zata ba. Doka ɗaya na kafa, ba dutse ba boris. Da yumɓu suke mulmula 'yan ƙwallaye su shanya kwana biyu, in ya daki ƙarfen sai ya tarwatse ya zama ƙura ya bar tabo, ga ƙara tan da ake ji har bakin titi. Na kama ɗaya da boris ɗin keke a aljihu na kore shi na kwana uku, uwarsa ta aiko a ba ni haƙuri na ce sai ya cika.

Na ƙara musu gwangwanayen madara 6 a jere a kan igiya da murfin tukunya da ya lotse. Wannan ɓangaren ko naira ban kashe ba in ka cire waldar, kuma shi ya fi tara jama'a, har manya in sun dawo daga masallaci sai sun karɓa sun gwada.

Lahadi, 11 ga Janairu

Akuyar wani ta shigo ta inda ƙofar langa-langar ta ɓalle ta ci kusurwar allon ta hagu, wajen falle 20 ta gaigaye. Da na tura shi gefe kuma sai ga gara ta fara gini a ƙafar katako ɗaya. Na shafe ƙafafun da baƙin mai na wajen bakanike na ɗora su kan bulo, na gyara ƙofar da waya. Kibau har yanzu 9, tun da aka sa kafet ba a ƙara asara ba.

Asabar, 24 ga Janairu

Tsakiyar ta fara laushi, dama na san za a zo nan, sati bakwai ana dukan wuri ɗaya. Jiya kibiya ta leƙo ta baya kaman tsawon yatsa. Gyaran ba wuya, an kwance noti an ciro fallayen tsakiya kaman 60 an mayar da su sama da ƙasa, na gefen sun dawo tsakiya, an sake sa jak. Maƙwabcina ya ce daga yau jak ɗinsa haya ne.

Amma na samu abin da nake ganin zai maye kwalin. Wajen wani mai sayen tsofaffin robobi a hanyar Sharaɗa na ga buhuna cike da ragowar soson silifa, wato falle ne babba da kamfani ya huda ya cire ƙafar takalmi ya bar sauran, wasu duk huda ne ba su da amfani amma akwai na gefe-gefe dogaye masu faɗin tafin hannu biyu da ba a taɓa ba. Irin wannan soson ne dai a allunan kanti da na kasa saya, in kibiya ta fita ramin na komawa ya rufe, ba ruwansa da gara ko akuya ko ruwan sama. Na sayi rabin buhu na gwaji, sai da na zo gida na zazzage na tarar an cusa min tsofaffin silifa da ƙasa a gindin don ya yi nauyi, na koma washegari yaron ya rantse ba shi ba ne, ogansa dai ya ƙara min wasu ya ce a yi haƙuri. Nan gaba a gabana za a zazzage kafin a ɗora sikeli.

Na jera waɗanda suka yi kyau a tsakiyar allon, tsayin santimita 25, kwali sama kwali ƙasa. Kibiya ba ta shiga da nisa kaman a kwali kuma tana fitowa tsaf ba gam, illa ɗaya kaurinsu ba ɗaya ba ne, inda siriri ya haɗu da mai kauri akwai 'yar kafa, ɗaya ta bi ta nan ta nutse har gashinta sai da na kwance noti na ciro ta, gashi ɗaya ya ɓare na manna da sufa gulu. Gobe zan ware su kauri-kauri in sake jerawa. Ina son in haɗa na biyu gaba ɗaya da soson kafin azumi, ƙarami mai 60 na yara, rodi 2 nake da su saura 2, kuma Alhajin Kofar Ruwa ya ce in leƙo ranar Talata akwai kayan wani rusau da za a sauke.